Tudun Citta Ba Ta da Koke

Duk ranar Litinin, kafin Leonard ya ajiye jakarsa, sai ya tsaya a gaban allon da aka kafa a barandar sakatariya ya dubi sunan garinsu. Ba don yana tsammanin wani sauyi ba. Tudun Citta tana can a sahun ƙasa, an manna mata koren kwali, kuma kwalin ya daɗe a wurin har rana ta fara cinye launinsa. Abokan aikinsa in sun zo wucewa sukan daki kafaɗarsa su ce, "Oga kore, kai kam ka huta." Shi kuwa sai ya yi musu yaƙe, ya shige ofis da ciwon kai.

Allon nan na Shirin Gyara Kullum ne. 'Yan shekarun baya wasu masana suka zo daga Kaduna da na'urar haska bango, suka tara ma'aikatan wannan ƙaramar hukuma, wadda ba sai an kama sunanta ba tunda masu ita suna nan da ransu. Aka yi bita, aka ci shinkafa a roba, aka sha lemo. Abin da suka koyar kuwa, tsakani da Allah, ba shirme ba ne. Cewa suka yi hukuma ta daina gyara inda kansila mai baki ya nuna, ta koma gyara inda talakawa suka yi kuka. Aka buɗe Teburin Koke, aka ba kowace mazaɓa jami'i ɗan asalinta mai jin yarenta, don tsohuwa ta faɗi damuwarta ba tare da tafinta ba. Mazaɓar da koke ya yi yawa a kanta a sa mata ja, motar gyara ta fara da ita. Wadda ba a kuka da ita a sa mata kore, ta jira. Sannan lokaci-lokaci a zauna a duba tsarin, inda aka ga ɓaraka a ɗinke, shi ya sa aka ce gyara kullum.

A ɗaya daga cikin zaman ɗinkin nan ne wani mai kaifin basira ya tambaya: to jami'in da mazaɓarsa ta yi ja fa, uwar me yake tsinanawa? Kowa ya gyaɗa kai. Aka ƙara doka cewa jami'in ja a ba shi takardar tuhuma, jami'in kore a yaba masa. Babu wanda ya lura an haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya, aka tashi taro ana tafi.

Leonard ne ya fara ɗanɗana dokar. A shekarar farko famfon burtsatsen Tudun Citta ya lalace, shi da kansa ya je coci ya yi sanarwa cewa yanzu gwamnati ta yi kunne, kowa ya zo ya faɗi abin da ke damunsa. Mutane suka ɗauki maganar ɗansu da gaske. Suka yi ta zuwa, maza da mata, har da waɗanda ke da rijiya a gida. Tudun Citta ta yi ja wur, motar gyara ta je, famfo ya kawo ruwa. Amma a watan ne sabuwar dokar ta fara aiki. Aka tsayar da Leonard a gaban taron ma'aikata, aka karanta masa tuhuma, aka ɗage ƙarin girmansa. Wata 'yar garinsu mai sayar da abinci a bakin ƙofar sakatariya ta ji komai ta taga, kafin rana ta faɗi labari ya riga ya haye rafi.

Lahadin da ta biyo baya, Baba Silvanus, babban dattijon ikilisiya, ya miƙe bayan wa'azi ya ce daga yau duk wanda ya kai kuka ofishin Leonard ya sani tuwo yake cire wa ɗan gari daga baki. Leonard shi kaɗai ne ɗan Tudun Citta da ke da tebur a gidan gwamnati. Da ubansa ya mutu, garin ne ya haɗa hannu ya ƙarasa masa karatu, wannan ya kawo citta, wancan ya kawo akuya. Ikilisiya ta ce amin, kuma mutanen Tudun Citta in sun ce amin to sun ce ke nan.

Sai gada ta karye.

Tudun Citta bayan rafi take. Kasuwa, asibiti, makarantar sakandare, hanyar mota da ke kai citta Kafanchan da Samaru Kataf, duk suna wancan hayi. 'Yar gada ce guda ta siminti ke haɗa su. Daminar bara ta zaizaye mata ƙafa ɗaya, ruwan farko na bana ya zo ya kwantar da ita gaba ɗaya. Yanzu da ƙafa ake ƙetarewa. A farkon damina ruwan a gwiwa yake, a watan Yuli ya kai ƙugu, a Agusta kuwa ko jarumin gari ba ya wasa da shi, don in an yi ruwa a kan duwatsu sai ya sauko babu sallama. Uwar Leonard, Mama Afiniki, tsohuwa ce mai hawan jini da ciwon gwiwa, kuma duk wata sai ta haye ta je a auna ta a ba ta magani. Abin da ke hana Leonard sukuni ke nan. A ƙarshen Yuli ake rufe jerin ayyukan gyara na shekara, mazaɓar kore kuma ba ta shiga.

Ya sami shugabarsa, Madam Rosemary, wadda ke riƙe da shirin. Mace ce mai kirki da tsoron Allah, ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya gama.

"Mista Leonard," ta ce, "ni ma na san wannan gada, na taɓa wucewa a kai lokacin bikin aure. Amma sistem ba ya ji da ido, da komplen yake ji. Ina komplen?"

"Ma, ni ne komplen ɗin. Da idona na gani, da ƙafata na shiga ruwan."

"Kai sitaf ne. Ka manta? Bara wasu ofisa suna rubuta komplen na ƙarya don a kai aiki ƙauyensu. Mun zauna mun gyara wannan. Kai ma ka ɗaga hannu."

Gaskiya ne, ya ɗaga hannu. Ya tambayi akwatin da a da ake jefa koke ba suna. Ta ce an cire shi, don 'yan siyasa sun mai da shi wurin zagin juna, yanzu dole mai kuka ya zo da kansa ya faɗi sunansa da unguwarsa. Ya tambayi lambar waya. Ta ce tana aiki, amma sai an kira mutum an tabbatar ɗan mazaɓar ne kafin a ƙidaya. Duk ƙofar da ya taɓa sai ya tarar an riga an gyara ta, an sa mata sakata mai kyau, kuma kowace sakata da dalilinta mai ma'ana. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, babu wanda zai kama da laifi.

"To a canza mini mazaɓa, Ma. A kai musu baƙo, wanda ba za su ji kunyarsa ba."

Madam Rosemary ta yi dariya har da dafa tebur. "In cire ofisa mafi kyau daga wurin da ya fi kowane kyau? Me zan gaya wa Ciyaman? Doka ya ce abin da yake aiki ba a taɓa shi. Je ka yi magana da mutanenka, mana. Ai ba kurame ba ne."

Ranar Lahadi ya tashi daga ɗakin da yake haya a Kafanchan, ya hau acaɓa har bakin rafi. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, sai ya ga naɗin ba zai yi amfani ba, ya shiga hakanan. Ruwan sanyi ƙalau, yana jan ƙafa, duwatsun ƙasa kuma santsi gare su. Gadar tana gefe a kwance, ƙarafunanta a waje, yara sun mai da ita wurin shanya. Ya isa coci wandonsa sharkaf, mutane suka yi kamar ba su gani ba, wai kada ya ji nauyi.

Bayan sujada ya roƙi dattawa su ɗan tsaya. Suka zauna a kan bencin da ke gindin mangwaro, shi ya durƙusa a gabansu kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Ya yi musu bayanin allon dalla-dalla, ja da kore, mota da jira. Ya ce shirun da suke yi shi ne ya hana a zo. Ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, hukuma ba ta fushi da mai kuka, nemansa ma take yi.

Baba Silvanus ya bari ya kai aya, sannan ya jingina sandarsa. "Ɗanmu, wannan hukuma da ba ya fushi, wa ya tsayar da kai a gaban mutane kamar ɓarawo?"

"Baba, wannan ya wuce."

"An ba ka girman da aka riƙe?"

"Ba a ba ni ba tukuna. Amma Baba, ko an sake yi mini tuhuma, takarda ce kawai. Na yarda. Ni ne nake roƙo."

"Mun san za ka yarda. Kai yaron kirki ne, za ka sa wuyanka a wuƙa domin mu. Shi ya sa mu ba za mu yarda ba." Ya juya ga sauran dattawa, suka amsa masa da kai. "Rafin nan kakanninmu sun haye shi kafin a san siminti. Gada zai zo a lokacin Ubangiji. Amma in aka kore ka, yaushe Tudun Citta zai sake samun mutum a ofis? Yaranmu in sun gan ka da taye suna karatu da ƙarfi. Ka bar mu da ruwa, mun saba."

"Ba za a kore ni ba, Baba."

"Haka ka ce mana lokacin famfo, cewa ba abin da zai faru."

Leonard ya taɓa ba su tabbaci sau ɗaya, suka ga abin da ya biyo baya, yanzu duk rantsuwar da zai yi ƙara musu ƙaunarsa take yi, ba ta ƙara musu yarda. Baba Silvanus ya ɗora masa hannu a ka ya yi doguwar addu'a, ya roƙi Ubangiji ya toshe bakin duk mai neman ɓata wa yaron nan aiki. Dole Leonard ya ce amin tare da su.

A gida ya tarar da Mama Afiniki tana tankaɗen garin masara, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ya zauna kusa da ita, ya juya zuwa yarensu, don a nan ne magana ke shiga jiki. Ya ce ta bar dattawa, ita kaɗai ma ta isa ta buɗe hanya, in ta je wasu za su bi.

"Ni?" ta ce. "In ɗauki ƙafata in je in kai ƙarar ɗan da na haifa?"

"Ba ƙarata za ki kai ba, Mama. Ƙarar gada."

"A teburin wa?"

"A teburina."

"To ka gani."

Ya ce to ta dawo Kafanchan wurinsa har damina ta wuce. Ta tambaye shi wa zai duba mata cittar da ke gona, da aladu, da kabarin ubansa da ciyawa ke son rufewa. Ta ce in ta bar gari don tsoron rafi, ai ta yi kukan da ya fi na baki, kowa zai ce uwar ofisa ma ta gudu. Ya dubi gwiwarta da ta kumbura, tsoro ya kama shi sosai, har da haushinta. Ita kuwa ta tura masa kwanon pate ta ce ya ci tun da zafi.

Da zai koma ya ratsa ta rugar Malam Babayo, wadda ke gefen garin, a hayi ɗaya da su. Shekara da shekaru Babayo yana nan, matan gidansa ta wannan rafin suke bi da ƙoren nono a ka. Shi ɗan mazaɓa ne, sunansa zai shiga, kuma ba ya zuwa cocin Baba Silvanus, amin ɗin nan bai ɗaure shi ba. Leonard ya ji kamar ya tsinci dami a kala. Ya gaishe shi, aka shimfiɗa masa tabarma, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Babayo ya daɗe yana murza gemu. "Ɗan Afiniki, gaskiyarka. Shekaranjiya ma 'yata Hussaina ta zame, nono ya bi ruwa, Allah ne ya tsare ta. Amma ka san yadda muke zaune da mutanenku. Ka san abin da aka sha kafin a dawo ana gaisawa. Yau a wayi gari a ce duk garin sun rufa wa ɗansu asiri, Bafulatani ne ya je ya tona? Wa zai tsaya ya ji cewa kai ka aiko ni?"

"Zan faɗa musu da bakina, Baffa."

"Za su ce kunya ce ta sa ka rufa mini. A'a. Ka kawo mini mutum ɗaya daga cikinsu ya shige gaba, wallahi ni ne na biyu. Amma na farko, ka yafe ni. Rafi in ya ci, ƙwarya zai ci. Wancan kuwa ban san inda zai tsaya ba."

Leonard bai ga laifinsa ba. Ya sha nonon da aka ba shi, ya yi godiya, ya sake shiga ruwa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, sama tana ta zuba. Ya yi tunanin ajiye aikin, sai ya ga in ya ajiye za a ce kora ce, garin ya shiga makoki, a fara neman wanda ya kai kuka a ɓoye. Ya yi tunanin ɓata aikinsa da gangan don a cire shi, sai ya ga ba shi da abin ɓatawa, tunda aikin nasa zama ne a tebur yana jiran mutanen da ba za su zo ba. Jami'an ja suna ta kai da kawo, ana yi musu faɗa, motar gyara tana bin su ƙauyukansu. Shi yana kallonsu da hassada irin wadda ba a iya faɗa wa kowa.

Ana cikin haka sai aka aiko masa cewa shi ne Gwarzon Ma'aikaci na bana. Za a yi taron yabo a filin sakatariya, a ranar da Ciyaman zai sa hannu a jerin ayyukan gyara, kuma an gayyaci mutanen Tudun Citta su zo a nuna su a matsayin abin koyi. Madam Rosemary ce ta kawo masa labarin. Da ta ga fuskarsa sai ta rage murya.

"Ka ji, in mutum ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki a gaban Ciyaman, ni zan rubuta, kuma zai shiga. Wannan doka bai hana ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ranar ta zo da hadari a gabas. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka ɗauko allon daga baranda aka jingina shi inda kowa zai gani. Can sai ga Tudun Citta ta iso. Zumuntar mata ce a gaba, sun sha anko, suna kaɗa tulu da caki, suna waƙar godiya ga Ubangiji wanda ya ɗaga maraya. Dattawa suna biye da manyan riguna. Mama Afiniki tana tsakiya, an ɗaura mata ɗankwali mai tsayi, tana ɗingishi tana murmushi. Leonard ya dubi zannuwansu ya ga a bushe suke ƙayau, da karin guga. Sai da suka zauna ya gane. Kowace mace ta tura baƙar leda a ƙarƙashin kujerarta, ledojin kuma suna ɗiga. Da tsofaffin kaya suka ƙetare, suka canza a bakin rafi, don kada ko jiƙaƙƙen zane ya kai ƙararsa.

Aka yi addu'ar Kirista, aka yi ta Musulmi, aka yi jawabai. Ciyaman ya yabi shirin, ya ce ga shaida a fili, mazaɓa guda ta shekara biyu ba koke ko ɗaya. Aka kira Leonard, aka miƙa masa allon yabo na katako mai ƙyalli, mata suka rangaɗa guɗa. Mai gabatarwa ya ba shi makirfo ya ce ya faɗi kalma biyu.

Leonard ya karɓa. Ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, gadar Tudun Citta ta karye tun farkon damina. Mutanen nan da kake gani, a cikin ruwa suka biyo yau. Uwata ma haka."

Ciyaman ya ɗan ɗaure fuska, ya dubi Madam Rosemary, ya dubi koren kwalin da ke kan allo. Shi ma ba mugu ba ne, amma ya riga ya yi jawabi, kuma ga masu ɗaukar hoto.

"Wannan babban magana ne," ya ce. "In gada ya karye wata da watanni ofisa bai kawo komplen ko ɗaya ba, to akwai tambaya. In kuma bai karye ba, akwai tambaya. Bari mu ji daga masu wurin." Ya karɓi makirfo ya tako da kansa har gaban rumfar. "Ina maman? Mama, ke ba za ki yi mana ƙarya ba. Yaya gadanku?"

Madam Rosemary ta buɗe biro. Leonard ya dubi uwarsa, ya roƙe ta da ido iyakar roƙo. Ita kuwa ba shi take kallo ba, fuskar Ciyaman take karantawa, kuma abin da ta tsinta a maganarsa kalma ɗaya ce, tambaya. Ta taɓa jin yadda ake yi wa ɗanta tambaya a gidan nan. Ta dafa kujera ta miƙe a hankali. Wannan mace ce da Leonard bai taɓa jin ta yi ƙarya ba, ko a kan farashin citta.

"Ranka ya daɗe," ta ce da Hausarta ta kasuwa, "gada yana nan. Ya ɗan tsufa ne kawai, kamar ni. Muna wucewa lafiya. Yaron nan tun yana ƙarami haka yake, abu kaɗan sai ya damu. Ba mu da komplen."

"Ba mu da komplen!" in ji Baba Silvanus daga baya, sauran suka ɗauka.

Ciyaman ya saki fuska, ya fashe da dariya. Ya ce kun ga irin ma'aikacin da ake nema, wanda ko an ba shi kore bai gamsu ba, yana neman abin gyarawa, wannan shi ne ruhun Gyara Kullum. Aka yi tafi mai ƙarfi. Madam Rosemary ta rufe bironta, ba ta yarda sun haɗa ido da Leonard ba. Aka kawo jerin ayyuka a kan faranti, Ciyaman ya sa hannu.

Ana fara rabon abinci iska ta taso, ta ɗaga gefen rumfa. Matan Tudun Citta ba su jira shinkafa ba, kowace ta sunkuya ta jawo ledarta. Leonard ya ajiye allon yabon a kan kujera ya nufi uwarsa.

"Mama, me ya sa?"

"Ɗauki abinka, kada wani ya zauna a kai," ta ce da yarensu. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa. "Za mu kama hanya. Tun safe ake ruwa a kan duwatsu."

"Ki kwana a wurina."

"Aladu ba su ci ba."

"To mu je, in riƙe ki a rafin."

Ta kama hannunsa ta matse, ta waiga wajen manyan baƙi, inda mai hoto yake jera mutane yana kiran sunan Gwarzon Ma'aikaci.

"Kada ka raka mu," ta ce ƙasa-ƙasa. "In suka ga ka bi mu da wannan fuskar, za su gane ƙarya na yi."

Ta sake shi, ta ɗora ledar a ka, ta bi sauran matan tana jan ƙafa da sauri. Leonard yana tsaye a inda ta bar shi, ana ta kiransa, yayyafi ya fara sauka.